Haɗa Manhajojin Waje da Shafin Intanet: Yadda Ake Yi da Nauyin da Ke Biyo Baya

Gina shafin intanet a yau ba ya buƙatar mutum ya iya rubuta umarnin kwamfuta, domin akwai dandaloli da aka tanada musamman don wanda ba masani ba ya zaɓi fasalin da ya yi masa, ya zuba rubutu da hotuna, ya danna maɓalli shafinsa ya bayyana ga duniya. Mafi shahara a cikinsu shi ne WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da shi a shekarar 2003, kuma a halin yanzu fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa aka gina su. Sai kuma irin su Squarespace na Amurka, da Wix da aka kafa a Isra'ila a 2006, da Shopify na ƙasar Kanada wanda ya keɓanta ga masu saye da sayarwa. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan dandaloli da yake iya yin dukkan abin da mai shafi yake buƙata shi kaɗai, saboda karɓar kuɗi daga katin banki, da ƙidayar masu ziyara, da aika saƙon imel ga dubban mutane, da nuna taswirar inda shago yake, duk ayyuka ne da wasu kamfanoni dabam suka ƙware a kansu. Abin da ake yi shi ne a kawo hidimar waɗannan kamfanoni na waje a jona ta da shafin, ta yadda mai ziyara zai ga kamar komai daga wuri ɗaya yake fitowa.

Wannan jonawa ce take mayar da shafin ƙaramin ɗan kasuwa ya zama shago na gaske, kuma masu dandalolin sun sauƙaƙa ta har ta kai wani lokaci danna maɓalli biyu ko uku ya wadatar. Amma sauƙin yana rufe wani al'amari mai nauyi, domin duk manhajar da aka jona, an ba wani kamfani da mai shafi bai taɓa gani ba iko a kan abokan cinikinsa da bayanansu, alhali kuwa idan abu ya lalace shi mai shafin za a tuhuma.

Hanya mafi tsufa, kuma wadda ta fi fito da ainihin abin da ke faruwa fili, ita ce liƙa guntun umarni. Kamfanin waje yakan ba mai shafi 'yan layuka na rubutun kwamfuta, galibi a harshen JavaScript, wato harshen da burauza take karantawa ta aiwatar a cikin wayar mai ziyara ko kwamfutarsa, sai ya ce masa ya kwafa ya liƙa a gurbin da dandalin ya ware don haka, yawanci a ɓangaren kan shafi wanda ido ba ya gani amma burauza take fara karantawa kafin komai. A dandaloli irin su Wix da Squarespace wannan gurbi ba ya buɗewa sai ga wanda ya shiga tsarin biyan kuɗi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, layukan da suka liƙa ba su ne manhajar ba, kira ne kawai: suna umartar burauzar kowane mai ziyara ta je sabar wancan kamfani, wato babbar kwamfutar da yake ajiye manhajarsa a kai, ta ɗauko cikakken umarnin ta aiwatar. Ke nan abin da aka aiwatar yau yana iya bambanta da na gobe ba tare da mai shafi ya taɓa komai ba, sannan burauza ba ta nuna bambanci tsakanin umarnin mai gida da na baƙo, iko ɗaya take ba su, don haka baƙon yana iya karanta abin da aka rubuta a cikin fom, ya sauya rubutun da ke kan feji, ko ya tura mai ziyara wani wuri dabam. Lamarin ya yi kama da na mai shago a kasuwa wanda ya bar wani ya kafa tebur a cikin shagonsa, ya kuma miƙa masa makullin durowar kuɗi: idan amintacce ne ciniki ya bunƙasa, idan kuwa aka sace makullin daga hannunsa, asarar ta mai shago ce.

Akwai wata hanyar liƙawa mai ƙarancin haɗari, wadda ake bi wajen sanya bidiyon YouTube ko taswirar Google, inda ake buɗe wata taga a jikin feji a nuna abin da ke wani shafi a cikinta, kuma burauza tana killace tagar ta hana abin da ke ciki taɓa sauran fejin. Mafi sauƙi ma fiye da wannan shi ne mahaɗi zalla, kamar maɓallin WhatsApp da kusan kowane shagon intanet a Nijeriya yake da shi, wanda ba ya buƙatar wata manhaja face adireshin wa.me a biye da lambar waya cikin tsarin ƙasa da ƙasa, wato 234 ga Nijeriya ko 227 ga Nijar, ba tare da alamar tarawa ko sifirin farko ba. Mutane da dama suna girka cikakkiyar manhaja mai nauyi don aikin da wannan layi ɗaya zai yi musu.

Hanyar da masu dandaloli suka fi so a bi ita ce ta kasuwar manhajoji. WordPress yana da rumbun ƙananan manhajoji da ake kira fulogin, waɗanda ake ɗorawa a kan asalin manhajar don ƙara mata wani aiki, kuma na kyauta kaɗai a cikinsu sun kusa 60,000. Shopify ya buɗe tasa kasuwar a 2009, Wix kuma a 2012. A kasuwannin Shopify da Wix mai shafi ba ya ganin umarnin kwamfuta ko kaɗan, sai dai wani allo da zai fito ya lissafa abubuwan da manhajar take neman izinin taɓawa, kamar jerin kayayyaki, ko sunaye da adireshin abokan ciniki, ko tarihin saye. Wannan allo yana tafiya ne bisa wata ƙa'ida da ake kira OAuth, wadda siffarta ta biyu ta fito a 2012, kuma amfaninta shi ne mai shafi ba ya miƙa kalmar sirrinsa ga kowa, sai dai dandalin ya ba manhajar wata takardar izini ta musamman mai iyakantaccen iko, wadda za a iya sokewa a kowane lokaci ba tare da an sauya kalmar sirri ba. Tsari ne mai kyau, amma kyansa ya dogara ga karanta allon kafin a amince, kuma wannan ne abin da aka fi tsallakewa. Manhajar da aikinta ƙawata hotuna ne, idan ta nemi izinin ganin lambobin wayar abokan ciniki, ta nemi abin da ya wuce aikinta, kuma hakan kaɗai ya isa dalilin barin ta.

Ƙarƙashin duk waɗannan akwai abin da masana suke kira API, wato ƙofar da kamfani yake buɗewa a jikin manhajarsa domin wata manhaja ta aiko da buƙata cikin tsari sananne ta karɓi amsa, ba tare da ɗan Adam ya shiga tsakani ba. Don kamfanin ya san wanda yake ƙwanƙwasa ƙofar, yakan ba kowane mai asusu wani dogon jerin haruffa da lambobi da ake kira makulli. Babu inda muhimmancin wannan ya fi bayyana kamar wajen karɓar kuɗi, saboda haka ya kamata a bi misalin daki-daki.

A ƙaddara mai sayar da shadda da atamfa a Kano ya gina shagonsa a kan WordPress ta amfani da WooCommerce, wato fulogin ɗin da ke mayar da shafi shago, wanda ya fito a 2011 kuma kamfanin Automattic ya saye shi a 2015. Shagon yana iya nuna kaya da farashi, amma ba zai iya taɓa katin banki ba, don haka sai ya nemi kamfanin da ke tsayawa tsakanin mai saye da banki, irin su Flutterwave da aka kafa a 2016, ko Paystack wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015 kuma kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200. Idan Paystack ya zaɓa, zai buɗe asusu ya ba da lambar BVN da katin shaida da asusun bankin da za a riƙa zuba masa kuɗi, ko takardun rajistar kamfani na hukumar CAC idan kasuwancin mai rajista ne, sannan ya girka fulogin ɗin da ke haɗa Paystack da WooCommerce. A cikin allon sarrafa asusunsa zai tarar da makullai huɗu: biyu na gwaji, biyu na aiki na gaske, kuma a kowane rukuni ɗaya na fili ne ɗaya na sirri. Ana gane su daga farkon rubutunsu, domin na fili yana farawa da pk, na sirri da sk. Makullin fili an yi shi ne don ya bayyana a cikin feji, ba abin da wani zai iya yi da shi face biyan kuɗi zuwa ga mai shago. Na sirri kuwa a sabar kaɗai ya kamata ya zauna, domin wanda ya mallake shi yana iya duba dukkan cinikin shagon, har ma ya ba da umarnin a mayar da kuɗi. Tura irin wannan makulli ta WhatsApp ga duk wanda ya ce zai taimaka da gyara, al'ada ce da ta yi yawa kuma ba ta da kyau. Idan har an riga an yi hakan, maganinsa shi ne a shiga asusu a sabunta makullin, wanda zai kashe tsohon.

Makullan gwaji suna ba mai shago damar yin ciniki na ƙarya da katunan gwaji da kamfanin ya tanada, ya ga yadda ciniki mai nasara yake kasancewa da yadda wanda ya faskara yake kasancewa, ba tare da ko kwabo ya motsa ba. Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne a buɗe shago ga jama'a a manta ba a sauya zuwa makullan gaske ba, sai a wayi gari masu saye suna ƙorafin katinsu ya ƙi shiga. Wani kuskuren kuma yana samun masu rubuta haɗin da hannunsu maimakon amfani da fulogin, domin Paystack da kwabo yake lissafi ba da naira ba, ke nan kayan naira 5,000 dole a aika farashinsu a matsayin 500,000, in ba haka ba za a ciri naira 50 kacal daga mai saye. Sai kuma lissafin lada, wanda ya kamata ya shiga cikin farashi tun farko: ladan da aka daɗe da sanin Paystack da shi a kan cinikin cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, kuma ba ya wuce naira 2,000 a ciniki ɗaya.

Matakin da aka fi rainawa, alhali shi ne ƙashin bayan haɗin, shi ne na saƙon sanarwa da masana ke kira webhuk. Idan mai saye ya gama biya, ana mayar da burauzarsa zuwa shagon ɗauke da labarin cewa kuɗi ya shiga, amma a inda sabis ɗin waya yake yankewa ko caji ya ƙare a tsakiyar ciniki, wannan komawa ba ta tabbata, sai banki ya cire kuɗi shago kuma ya ci gaba da nuna cewa ba a biya ba. Domin toshe wannan giɓi, fulogin yana ba da wani adireshi na musamman wanda mai shago zai kwafa ya saka a allon Paystack, ta yadda duk lokacin da ciniki ya kammala sabar Paystack za ta sanar da sabar shagon kai tsaye, ko wayar mai saye tana raye ko ta mutu. Kowane irin wannan saƙo yana zuwa da sa hannu na lissafi wanda aka ƙulla da makullin sirri, don shagon ya tabbatar daga Paystack ya fito ba daga ɗan damfara ba. 'Yan kasuwar da suka sha fama da alat na bogi da hoton rasit da aka yi wa kwaskwarima za su gane darajar wannan tsari, domin hujjar biya a nan ba ta bi ta hannun mai saye ko kaɗan.

Daga wannan misali ana iya fitar da hukunci guda game da zaɓen dandali: a fara tambayar wace hanyar karɓar kuɗi yake yarda da ita a ƙasar mai shago, kafin a dubi kyan fasalinsa. Shopify, alal misali, yana da tasa hanyar karɓar kuɗi wadda ba ta aiki a Nijeriya, kuma yana cajin ƙarin lada a kan kowane ciniki da aka bi ta kamfanin waje, don haka ɗan kasuwar Nijeriya yana biyan lada sau biyu. Haka nan kamfanin da ke hidima a Kano ba lallai ne ya yi hidima a Maraɗi ko Damagaram ba, inda ake ciniki da sefa kuma asusun kuɗi na wayar salula irin su Airtel Money yake da tasiri.

Haɗa manhajar ƙidayar masu ziyara ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Google Analytics, wanda ya fito a 2005, yana ba kowane shafi lambar shaida da ke farawa da harafin G, kuma yawancin dandaloli suna da akwatin da za a rubuta lambar kawai. Daga nan sai mai shafi ya buɗe shafinsa a waya ya duba rahoton kai tsaye ya ga ko ziyararsa ta bayyana. Matsalar da ake yawan samu ita ce saka shi sau biyu, sau ɗaya ta akwatin dandali sau ɗaya ta fulogin, sai kowace ziyara ta zama biyu mai shafi ya yi ta murna da alƙaluman da ba su da tushe. Wanda yake da irin waɗannan guntaye da yawa, kamar Meta Pixel da ke bibiyar tasirin tallan Facebook da Instagram, yakan tara su a cikin Google Tag Manager, wanda ya fito a 2012, ya liƙa guntu ɗaya a shafi ya riƙa sarrafa sauran daga can. Wannan yana rage wahala, amma yana nufin duk wanda ya samu shiga wancan asusu yana iya cusa kowane irin umarni a shafin.

Aika imel kuma yana da tasa ƙa'ida da ba a shafin ake gyara ta ba. Idan aka jona kamfani irin Mailchimp don ya riƙa aika saƙo da sunan shago, dole a shiga rajistar adireshin shafin, wadda ake kira DNS, a ƙara wasu layuka biyu da ake kira SPF da DKIM, na farko yana bayyana sabobin da aka yarda su aika saƙo da wannan suna, na biyu kuma yana sa hannu a kan kowane saƙo. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wannan sharaɗi, musamman ga masu aika saƙo 5,000 ko fiye a rana, kuma saƙon da bai cika shi ba yana iya ƙarewa a kwandon shara ko a mayar da shi. Gyaran DNS yakan ɗauki sa'o'i kafin ya bazu, saboda haka rashin ganin sakamako nan take ba alamar kuskure ba ce.

Akwai wata jarrabawa da ta keɓanci mai rubutu da Hausa, wadda littattafan jagora na kamfanonin nan ba sa ambata, wato ta haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Bayani ɗaya yana iya ratsa manhajoji uku ko huɗu, daga fom zuwa ma'ajiyar shafi, daga can zuwa kamfanin imel, daga nan zuwa rasit, kuma idan ɗaya daga cikinsu ba ta amfani da tsarin haruffa na UTF-8, wanda ya ƙunshi rubutun harsunan duniya, sai sunan Ɗanladi ko garin Ƙaura ya iso da alamar tambaya ko ɗan akwati a madadin harafin farko. Salon haruffa da ake jawowa daga waje su ma da yawansu ba a zana musu waɗannan haruffa ba, sai burauza ta aro su daga wani salo, kalma ta fito da harafi ɗaya da ya bambanta da 'yan'uwansa a tsayi da kauri. A saƙon tes na waya abin har kuɗi yake ci, domin saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 a tsarin da aka saba, amma da zarar harafi mai ƙugiya ɗaya ya shiga sai saƙon ya koma wani tsari da ke ɗaukar 70 kacal, ke nan sanarwar da a da saƙo ɗaya ce tana iya zama uku a lissafin kamfanin da ke aikawa. Gwajin kuwa ba shi da wuya: a cike fom da suna mai ɗauke da waɗannan haruffa, a bi shi har inda ya tsaya.

Kowace manhaja da aka jona tana ƙara wa shafi nauyi, domin wayar mai ziyara ce za ta sauko da umarninta ta aiwatar, da datarsa da batirinsa. Shafin da ya buɗe cikin ƙiftawar ido a kwamfutar mai ginawa yana iya gajiyar da mai ƙaramar waya a wurin da sabis ba shi da ƙarfi har ya haƙura ya fita, kuma manhajar PageSpeed Insights ta Google, wadda kyauta ce, tana nuna waɗanne guntayen waje ne suka fi cin lokaci. Amma nauyi ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da kutse. Reshen kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster a Birtaniya ya sanya manhajar hira da abokan ciniki, wadda kamfanin Inbenta ya ƙera, har a fejin biyan kuɗi; a shekarar 2018 masu kutse suka shiga ta wajen Inbenta suka sauya umarnin, ya zama yana kwashe lambobin katin masu saye na tsawon watanni. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar Ticketmaster fam miliyan 1.25 a watan Nuwamban 2020, wato mai shafin ne ya biya, ba mai manhajar ba. A 2024 kuma aka ga wani salo dabam: adireshin polyfill.io, wanda shafuka fiye da 100,000 suke jawo wani guntun umarni daga gare shi don taimaka wa tsofaffin burauzoji, an sayar da shi ga wani kamfani mai suna Funnull a watan Fabrairu, zuwa watan Yuni kuwa aka gano yana tura masu amfani da waya zuwa shafukan caca da damfara. Masu waɗannan shafuka ba su sauya ko harafi ɗaya ba. Wanda suka amince wa ne ya sauya hannu. Darasin da ya fi fitowa fili daga lamarin Ticketmaster shi ne kada a bar wani guntun waje da ba dole ba a fejin da ake rubuta lambar kati ko kalmar sirri.

A WordPress mafi yawan ramukan tsaro da ake ganowa a jikin fulogin suke ba a asalin manhajar ba, kuma mafi haɗari su ne waɗanda masu su suka daina sabuntawa. Rumbun WordPress yana nuna ranar sabuntawa ta ƙarshe da yawan shafukan da ke amfani da kowane fulogin, kuma waɗannan alƙaluma biyu sun fi taurarin yabo amfani wajen yanke shawara. Tsadar dala, musamman tun faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023, tana sa wasu su nemi kwafin sata na fulogin masu tsada da ake rabawa kyauta, alhali irin waɗannan kwafi ba sa samun sabuntawa kuma sau da yawa an dasa musu ƙofar baya. Ya fi aminci a haƙura da wani aiki gaba ɗaya da a same shi ta wannan hanya. Kafin girka kowane sabon abu kuma, a ɗauki kwafin ajiya na shafin, a kuma riƙa girkawa ɗaya bayan ɗaya, domin idan biyu suka yi karo a san mai laifi.

Doka ma ta shigo cikin lamarin. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, tana cikin abubuwan da suka sa shafuka suka cika da allon neman izini kafin a ajiye kukis, wato ƙananan alamomin da shafi ke bari a burauza don ya gane mai ziyara idan ya dawo. Yadda ake ɗaukar abin da zafi a can ya bayyana a watan Janairun 2022, lokacin da wata kotu a birnin Munich na Jamus ta umarci mai wani shafi ya biya diyyar yuro 100, saboda shafinsa yana jawo salon haruffa kai tsaye daga sabar Google, abin da ya miƙa wa Google adireshin intanet na mai ziyara ba da izininsa ba. A Nijeriya an sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ɗora alhakin bayanan jama'a a kan wanda ya tattara su ko da wani kamfani ya ba ajiya, tare da wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Makarantar da ke karɓar sunayen yara ta fom ɗin waje, ko asibitin da ke ba da lokacin ganin likita ta wata manhaja, duk wannan doka ta hau kansu.

Ko da ba a yi kutse ba, haɗi ba abu ne da ake yi sau ɗaya a manta ba, domin kamfanin waje yana iya sauya sharuɗɗansa ranar da ya ga dama. A 2018 Google ya sauya tsarin taswirarsa ya wajabta makulli da asusun biyan kuɗi ga masu jawo ta ta ƙofar API, taswirori da yawa suka dushe. A watan Oktoban 2020 Facebook da Instagram suka rufe tsohuwar hanyar nuna saƙonninsu a wasu shafuka. A ranar 1 ga Yulin 2023 tsohon Google Analytics ya daina karɓar bayanai, duk wanda bai koma sabon ba ƙidayarsa ta tsaya. A shekarar 2023 ɗin kuma Twitter ya sa kuɗi a kan ƙofarsa, har manhajar Jetpack ta WordPress ta daina tura rubutu can kai tsaye. Kamfanoni irin su Zapier, waɗanda ke zama 'yan tsakani su haɗa manhajojin da ba su san juna ba, suna da amfani ƙwarai, sai dai kowane ɗan tsakani ƙarin wurin tsinkewa ne da ƙarin kuɗin wata da ake biya da dala. Sanarwar irin waɗannan sauye-sauye ta imel take zuwa, zuwa ga adireshin da aka buɗe asusun da shi.

Nan ne kuma matsalar da ta fi addabar ƙananan 'yan kasuwa da makarantu da ƙungiyoyi take, domin galibi wani suke ba kwangilar gina shafin, shi kuma don gudun ɓata lokaci sai ya buɗe dukkan asusun da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ranar da suka rabu, ko ya sauya layi, ko ya bar gari, mai shafi ba ya iya sabunta makulli, ba ya ganin sanarwa, wani lokaci ma adireshin shafin kansa ba da sunansa aka yi rajistarsa ba. Wix da Shopify da WordPress da Google Analytics da Paystack duk suna da tsarin gayyatar mai taimako da iyakantaccen iko wanda za a iya janyewa, don haka babu dalilin da zai sa ma'aikaci ya zama mamallakin asusu. Duk wanda zai ba da irin wannan kwangila, ya buɗe asusun da imel ɗin kasuwancinsa shi ya gayyaci mai aikin, kuma kada ya biya cikon kuɗi sai an miƙa masa rubutaccen jerin dukkan manhajojin da aka jona, da aikin kowacce, da kuɗin da take ci, da ranar da rajistarta za ta ƙare.